Ku Tambaya Mu Amsa: Turanci Ɗaya, Baki Daban-daban

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk a kan Turanci suke, da yadda bakin kowace ƙasa ke juya shi. Mun zaɓi shida, mun taƙaita su, malaman da ke kula da filin suka amsa.

Tambaya: Malaminmu ya ce Turancin Amurka gurɓatacce ne, na Ingila shi ne na asali, kuma duk wanda ya furta r a ƙarshen *car* ko *teacher* ya yi kuskure. Ni kuma yawancin abin da nake ji a waya na Amurkawa ne. Wanne zan bi? — Ɗalibin babbar sakandare, Zariya

Amsa: Ɗanmu, a batun jarrabawa bi malaminka. A batun tarihi kuwa, da sauran magana.

Lokacin da Turawan Ingila suka kafa garin Jamestown na Amurka a 1607, yawancin mutanen Ingila suna furta r ɗin nan, a *car*, a *hard*, a *teacher*. Da ita suka tsallaka teku. Sai cikin ƙarni na 18 zuwa farkon na 19 mutanen Landan da kewaye suka shiga haɗiye ta idan ba wasali ne ke biye da ita ba, abin ya zama yayi, manya suka ɗauka. Ke nan a wannan gaɓar Ba'amurke ne ya riƙe tsohon furuci, ɗan Landan ne ya sauya. Shi ya sa Amurka, Kanada, Sikotlan, Ailan da kudu maso yammacin Ingila ke furta ta, amma Ostireliya, wadda Turawa suka fara zama a 1788, da Niyuzilan, da Afirka ta Kudu, da mu nan Najeriya da Gana, ba ma furtawa: Turanci ya iso mana bayan an riga an zubar da ita. Ko a Amurkan ma, mutanen Boston da New York na da sun yar da ita, don huldarsu da Landan ba ta yanke ba.

Abin da malaminka ke kira na asali shi ne lafazin da ake kira *Received Pronunciation*, ake taƙaitawa da RP. A makarantun kwana na 'ya'yan manya ya girma, irin su Eton da Harrow, sannan BBC da aka kafa a 1922 ta yaɗa shi duniya. Masanin harshe Peter Trudgill ya taɓa ƙiyasta cewa kusan mutum 3 cikin 100 ne kawai ke magana da shi a Birtaniya. Zaɓar sa aka yi, kamar yadda aka ɗora Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci. Basakkwacen da ya ce "tahi" ko "hwara" bai ɓata Hausa ba. A wurare da dama ma shi ne ya riƙe tsohuwar.

Amma takardar furuci ta WAEC, mai tambayoyi 60 cikin minti 45, a kan RP aka gina ta. A can *court* da *caught* sauti ɗaya ne, haka *father* da *farther*, alhali a bakin Ba'amurke daban suke. Ka kuma lura r ɗin tana dawowa idan wasali ya biyo baya: *far* ita kaɗai "faa" ce, amma a *far away* za ka ji ta. A rubutu, ka tsaya kan *colour, centre, travelled*. Su *color, center, traveled* na Amurka ne, ƙamus ɗin Noah Webster na 1828 ne ya kafa su. Ba kuskure ba ne a gidansu. Kuskuren shi ne ka gauraya biyun a shafi ɗaya.

Tambaya: Ina koyarwa a wata firamare a Abuja. Idan na yi magana a taron malamai sai in ga ana ƙunshe dariya, har wata ta kwaikwayi yadda nake cewa *people* da *fifty*. Yanzu na daina ɗaga hannu. Akwai magani, ko haka zan ƙare? — Wata malama

Amsa: Malama, akwai magani, kuma kayan haɗinsa madubi ne, da fallen takarda, da wayarki, da minti goma kullum. Amma bari mu fara da sanadin ciwon.

A Hausa p da f baƙi ɗaya ne mai fuska biyu. Ki ce "famfo" ko "pampo", ruwa ɗaya za a ɗebo miki. Kuma f ɗinmu da leɓɓa biyu ake yin ta, kamar mai hura wuta. Don haka kunnen da ya tashi da Hausa bai saba rarrabe su ba, baki kuma ba ya gyara abin da kunne bai ji ba. Nan ne yawancin masu ƙoƙari ke faɗuwa: an ce musu suna cewa "fiful", sai su tsorata da f gaba ɗaya, su koma cewa "pipti". An gudu ba a tsira ba.

Saboda haka da kunne za ki fara. Rubuta kalmomi biyu-biyu da wannan sautin kaɗai ya raba su: *pan* da *fan*, *pull* da *full*, *copy* da *coffee*, *pace* da *face*. Samu wanda ya iya ya riƙa karanta miki ɗaya a hargitse, ko ki kunna su a ƙamus ɗin intanet mai sauti ba tare da kallon allon ba, ki rubuta wadda kika ji. Kada ki wuce nan sai kina cin 9 cikin 10. Ga wasu kwana uku ne, ga wasu mako biyu.

Sannan baki. F ta Turanci: haƙoran sama su sauka a kan leɓen ƙasa, iska ta tsiyaya ta tsakani. Ana iya jan ta, "ffff", har numfashi ya ƙare. P kuwa leɓɓa biyu ne ke rufewa ruf su fashe, ba ta jawuwa. Tsaya gaban madubi: in ba ki ga haƙoranki ba, ba f kika yi ba. Riƙe fallen takarda kamar yatsu uku daga bakinki ki ce *pan*; ya kamata takardar ta yi tsalle. A *ban* ba za ta motsa sosai ba. V ita ce f ɗin nan, haƙori a kan leɓe, sai dai maƙogwaro na rawa. Ɗora yatsu a wuyanki za ki ji. Ita ce ke raba *vote* da *boat*, da *very* da *berry*.

Sai *th*, wadda mu muke mayarwa s da z, mu ce "sink" a wurin *think*, "zis" a wurin *this*. In kin yi karatun tajwidi, kin riga kin iya ta ba ki sani ba. Ta *think* ita ce ث, ta *this* ita ce ذ: tsinin harshe a gefen haƙoran sama na gaba, daidai yadda malamin Islamiyya ya koya miki. Ki ɗauko ta daga can ki kawo nan. Gwada da *thick* da *sick*, *mouth* da *mouse*, *breathe* da *breeze*.

Akwai biyu da ba a cika yi wa mutum dariyarsu ba, amma sun fi jawo rashin fahimta. Na farko, gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa muka cusa wasali muka samu burodi, birki, gilashi, firamare. A Hausa daidai ne. A Turanci kuwa wasalin nan na iya sauya kalma: *sport* ta zama *support*, *blow* ta zama *below*, *please* ta kusa zama *police*. Dabarar ita ce ki ja baƙin farko, "sss", ki faɗa kan na biyu ba tare da buɗe baki ba, sannan ki riƙa gajarta jan. Na biyu, mu idan muka ga baƙi biyu iri ɗaya sai mu nanata shi kamar a "hannu" ko "sannu". Turanci ba ya haka. *Happy* p ɗaya ce a baki, *grammar* m ɗaya, *dinner* n ɗaya.

Kada ki haɗa su duka a lokaci guda. Sauti ɗaya, mako biyu. Kullum ki ɗauki muryarki kina karanta sakin layi na minti ɗaya, ki saurara, ki ja layi a inda kika zame. Idan kin yi fushi ko kina sauri tsohon furucin zai dawo; wannan ba koma baya ba ne, haka kowa yake, har sai bakin ya saba.

Ki kuma san kina da jarin da mai dariyar ƙila ba ta da shi. Hausa na rarrabe dogon wasali da gajere, kamar garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo. Wannan ne ya sa Bahaushe ke saurin raba *ship* da *sheep*, ko *full* da *fool*, inda masu harsuna da dama a Afirka ta Yamma ke haɗe su. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta yi suna wajen horar da furuci, daga can Abubakar Tafawa Balewa ya fito, wanda ake wa laƙabi da mai muryar zinariya. Game da dariya kuwa, laifi tudu ne. Wani yana zubar da h ya ce "aus" a wurin *house*, wani yana cewa "tink", ɗan gabashin Landan da aka haifa cikin harshen yana cewa "fink". Ki gyara abin da ke sauya ma'ana, ki ci gaba da ɗaga hannunki.

Tambaya: Na ci jarrabawar Turanci da maki mai kyau, na samu aikin jinya kusa da Newcastle. Wallahi rabin abin da tsofaffin majinyata ke faɗa ba na ganewa, kuma ina jin kunyar yawan cewa a maimaita. — Wata ma'aikaciyar jinya, Ingila

Amsa: 'Yar'uwa, ba Turancinki ne ya gaza ba. Kin sauka ne a gidan karin harshen da ake kira Geordie, wanda ɗan Landan ma sai ya kasa kunne. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma na nan tsohon kuka ne: tsakanin wajen 1400 da 1700 dogayen wasulan Turanci sun sauya a kudu, wasu ba su sauya a can arewa ba. Shi ya sa *town* take "tuun", *down* take "duun".

Riƙe ƙa'idoji uku na sauti, rabin duhun zai yaye. A arewacin Ingila wasalin *bus, cup, blood, lung* u ne irin namu, "bus", "kup", "blud". A ɗin *bath, pass, after* gajere ne. Sannan t ta tsakiya ko ƙarshen kalma takan zo da tsayawar maƙogwaro irin ta "a'a" da "sa'a", har *water* ta yi kama da "wo'a". Wannan hamzar kin fi su iya ta.

Kalmomi kuwa sai haddacewa: *gan* tafi, *hyem* gida, *bairn* yaro, *divvent* kada ko ban yi ba, *aye* i, *nowt* ba komai. In tsoho ya kira ki *pet* ko *love*, ba raini ba ne ba kuma neman wasa ba ne, kamar a ce "'yata" ne. Waɗanda suka shafi aikinki kai tsaye su ne masu haɗari. *I feel sick* tashin zuciya ne, *I've been sick* ya yi amai, rashin lafiya kuwa *poorly*. *Waterworks* mafitsara, *spend a penny* zagayawa, *funny turn* jiri ko ɗan gushewar hankali, wanda dole ki bi diddiginsa. *Dinner* ga da yawansu abincin rana ne, *tea* kuma na dare. In kin tambayi mai ciwon suga ko ya sha magani da *tea*, ki tabbatar wanne yake nufi. *Half seven* bakwai da rabi ne. Nauyi da *stone* suke faɗa: ɗaya fam 14 ne, wato kilo 6.35, mai *stone* 11 yana wajen kilo 70. Kuma tsoffinsu na rage ciwo a baki. *Not too bad* na iya fitowa daga wanda ke murƙususu, don haka ki nemi ya ba ciwon maki daga 0 zuwa 10.

Maimakon ki riƙa cewa a sake faɗa, maimaita abin da kika fahimta ki bar shi ya gyara: kana nufin ka yi amai sau biyu tun safe? Ya fi sauri, ya fi aminci, ba kuma kunya a ciki. Ki riƙa kunna rediyon yankin a hanyar aiki, musamman shirye-shiryen da mutanen gari ke buga waya. Labaran ƙasa ba za su taimake ki ba, ba da wannan bakin ake karanta su ba.

Tambaya: Zan zauna jarrabawar Turanci ta IELTS. Dole ne in kwaikwayi lafazin Turawa kafin in ci? — Wani injiniya, Kaduna

Amsa: A'a, Injiniya. Hirar baki minti 11 zuwa 14 ce, kuma furuci ɗaya ne cikin ma'aunai huɗu masu nauyi ɗaya. Abin da ake dubawa shi ne ko ana gane ka ba wahala: sautuka, inda kake danna gaɓa, hawa da saukar murya. Mai kwaikwayo yakan rage gudu, ya riƙa tuntuɓe, ya zubar da makin da yake da shi. Inda lafazi zai cije ka shi ne sashen sauraro: kashi huɗu, tambayoyi 40, sau ɗaya ake kunnawa, kuma za ka ji bakin Birtaniya, Ostireliya, Niyuzilan da Arewacin Amurka. Ɗan Ostireliya *day* ɗinsa na kusa da "dai", don haka idan yana jero haruffan suna, A kan yi kama da I. Ɗan Niyuzilan *pen* ɗinsa kamar "pin", *six* kamar "saks". Saba da su tun yanzu. Rubutun Ingila da na Amurka duk ana karɓa.

Tambaya: Zan kai mahaifiyata asibiti a Indiya. An ce Turancinsu sai mai haƙuri. — Wani ɗan kasuwa, Kano

Amsa: Alhaji, Allah ya ba Hajiya lafiya. Kwana biyu kunnenka zai saba, don salon maganarsu gaɓa-gaɓa ne kamar namu. T da d ɗinsu da harshe a lanƙwashe baya suke fita, kusa da inda kake yin r ta "rana". V da w sauti ɗaya ne ga da yawansu, *vein* da *wane* ba bambanci. P, t, k ba sa zuwa da hucin iska, har *pill* kan yi maka kama da *bill*.

Amma inda za ka buɗe ido shi ne lissafi. *Lakh* ɗaya dubu 100 ne, *crore* ɗaya miliyan 10, kuma waƙafin ma daban suke sa shi: 5,00,000 *lakh* biyar ne, wato rupi dubu 500. Duk kuɗin da aka faɗa maka, a rubuta shi da lambobi, ka ƙirga sifirin da kanka. *Prepone* matso da lokaci kusa ne, kishiyar ɗagewa. In an ce an yi wa aikin tiyata haka, ku zo da wuri. *Loose motion* gudawa, *giddiness* jiri, *empty stomach* kada a ci komai kafin gwaji, *revert* zan ba ka amsa, *expired* kuma rasuwa, Allah ya kiyaye. Kaɗa kai gefe da gefe galibi "to" ne ko "na ji", ba ƙi ba ne.

Tambaya: Mu a zango muna gardama da 'yan'uwanmu na Najeriya, kowa na cewa Turancinsa ya fi. Sannan ina sayen motoci daga Amurka, waya da dillalan can na ba ni wahala. — Wani mai karatu, Kumasi

Amsa: Malam, gardamar ba mai raba ta, don kowa maye gurbi ya yi. Wasalin da ke cikin *nurse* da *work* babu shi a harsunanmu, sai kowa ya ɗauko mafi kusa: mutumin Gana ya ce "nes" da "wek", ɗan kudancin Najeriya ya ce "nos" da "wok", Bahaushe ya ce "nas", har ta zama kalmar Hausa. A *cup* kuwa Gana da Bahaushe sun haɗu a "kap", kudancin Najeriya na "kop". Turancin yankin nan ya samu gindin zama. A Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, har da *okada*, *danfo* da *Kannywood*. Sai dai abin gida a gida yake aiki. Ka ce wa Ba'amurke *I'm coming* kana nufin "ina zuwa" alhali fita kake yi, zai tsaya jiran ka. Ka ce masa *sorry* don ya yi tuntuɓe, kana nufin "sannu", zai iya ce maka ai ba laifinka ba ne.

Wayar dillalai kuma, ga inda ake asara. Ba'amurke na mayar da t ta tsakiyar wasula bugu ɗaya na harshe, kamar r ta "tara" in an yi ta da sauri: *water* "wara", *title* "tairul". Bayan n takan ɓace, *twenty* ta zama "tweni". *Can* da *can't* ba t ce ke raba su a bakinsa ba, nauyi ne: *can* gajeriya ce mara ƙarfi, "kin", *can't* kuma cikakkiya ce mai tsawo. In ka ji "kaan" da ƙarfi a tsakiyar jimla, mai yiwuwa ƙi ya yi. *Fifteen* da *fifty* ma haka: ta farko nauyinta a ƙarshe, ta biyu a farko, kuma a waya n ɗin takan ɓace. Kada ka amince da kunne a nan. Tambaye shi *one five* ko *five zero*. In ya ce *fifteen hundred*, 1,500 yake nufi.

Takardunsu ma da nasu karin. Wata suke fara rubutawa kafin rana: 03/04 a wurinsu 4 ga Maris ne, a wurinka 3 ga Afrilu, kusan wata guda ke nan tsakani a ranar tashin jirgi ko ranar biyan kuɗi. Ka riƙa rubuta sunan watan da haruffa, ka nemi su ma su yi haka. Agogon tafiyar mota da mil yake ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6 da 'yan kai, don haka motar da ta nuna 100,000 ta ci wajen kilomita 161,000. Galan ɗinsu lita 3.79 ne, na Ingila 4.55. *Hood* shi ne bonet, *trunk* but, *transmission* giya, *gas* kuma fetur ne, ba iskar girki ba.